Tasirin nauyi ga shan man mota

Tasirin nauyi ga shan man mota shi ne yadda yawan man da mota ke ƙonawa yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon nauyin jikinta da nauyin abin da ta ɗauka, wato fasinjoji, kaya, da man da ke cikin tankinta. Duk kilo ɗaya da aka ƙara wa mota yana buƙatar ƙarin makamashi kafin a motsa shi, kuma daga mai inji yake samo wannan makamashin. Sai dai ƙarin ba ɗaya yake a ko'ina ba. Nauyi ya fi cin mai a cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi, da wurin hawa, da kan hanya marar kwalta. A doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya kuwa, inda mota ke tafiya da gudu ɗaya, tasirinsa kaɗan ne, domin a can iska ce ta fi cin mai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙarin laba 100, wato kimanin kilo 45, yana rage nisan da mota za ta yi da lita ɗaya da kusan kashi 1 cikin 100, kuma abin ya fi shafar ƙananan motoci a kan manya.

Ma'auni da kalmomi

Ana auna shan mai ta hanyoyi biyu. Ko dai a faɗi nisan da mota ke yi da ma'aunin mai ɗaya, kamar kilomita a lita ɗaya ko mil a galan ɗaya yadda ake yi a Amurka, ko kuma a faɗi yawan litar da take sha a kilomita 100 yadda ake yi a yawancin ƙasashen Turai. A hanya ta farko babbar lamba ce alamar mota mai tattali, a ta biyu kuwa ƙarama. Motar da ke yin kilomita 12.5 da lita ɗaya ita ce mai shan lita 8 a kilomita 100. Direbobi a ƙasar Hausa ba kasafai suke amfani da ko ɗaya ba, sun fi auna abin da tafiya: lita nawa ko man nawa zai kai mota daga wannan gari zuwa wancan.

Shi ma nauyin iri biyu ne. Akwai nauyin mota ita kaɗai da mai da ruwa da baƙin mai a cikinta, babu mutum babu kaya. Akwai kuma iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta kai idan an haɗa komai, wanda ake rubutawa a wani ɗan allo ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofa ko kusa da inji. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne abin da aka halatta mata ta ɗauka, kuma ga ƙaramar mota mai kujera biyar yakan kama daga kilo 400 zuwa 500 ko ɗan sama, har da direba. Abin da ya haura haka shi ne masu mota ke kira obalodi, kalmar da aka aro daga Ingilishi tare da 'yar'uwarta lodi.

Yadda nauyi ke cin mai

Abubuwa huɗu ne inji ke kokawa da su idan mota na tafiya: tayar da ita daga tsaye ko ƙara mata gudu, turjiyar taya a kan hanya, hawa, da turjiyar iska. Uku na farko duk suna ƙaruwa kai tsaye da nauyi. Na huɗu ba ruwansa da nauyi.

*Tashi da tsayawa.* Dokar motsi ta biyu da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687 ta nuna cewa ƙarfin da ake buƙata don ƙara wa abu gudu yana tafiya daidai da nauyinsa. Makamashin da ke tattare da mota mai tafiya shi ne rabin nauyinta sau gudunta sau gudunta. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200 tana buƙatar kimanin kilojul 116 kafin ta tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 50 a awa. Idan aka ɗora mata kilo 300, abin zai koma kimanin kilojul 145, ƙarin kashi 25 cikin 100 ke nan, daidai da ƙarin nauyin. In da motar za ta ci gaba da tafiya da wannan gudu, da sau ɗaya kawai za a biya wannan kuɗin shiga. Matsalar tana ga burki. Da zarar direba ya taka burki, duk makamashin da aka saya da mai sai ya zama zafi a farantin burki ya bi iska, in an tashi kuma a sake saye daga farko. Wannan ne ya sa tafiyar kilomita goma a cikin cunkoso, inda ake tsayawa a danja, a shataletale, a tudun rage gudu da wurin sauke fasinja, take fito da illar nauyi fiye da tafiyar kilomita goma a bayan gari.

Gudu na ƙara tsananta abin, tunda sau biyu yake shiga lissafi. Kai mota gudun kilomita 100 a awa yana cin ninki huɗu na makamashin kai ta gudun kilomita 50. Direban da ke fizgar mota mai lodi daga wannan shinge zuwa wancan, ya kuma dake burki, yana haɗa asarar biyu wuri ɗaya.

*Turjiyar taya.* Taya ba ta zama da'ira cikakkiya idan tana ɗauke da mota. Gefen da ke taɓa ƙasa yakan baje, kuma yayin da take juyawa robar tana ta lanƙwasa tana miƙewa, abin da ke sa ta yi zafi. Wannan zafin ma daga mai ya fito. Ga tayar ƙaramar mota a kan kwalta mai kyau, ƙarfin da ke jan motar baya ta wannan hanya yana kusa da kashi 1 cikin 100 na nauyinta. Ana iya kwatanta shi da cewa mota kullum kamar tana hawan tudun da ke ɗagawa mita ɗaya a kowace mita ɗari, ko da a fili take. Ƙarin kilo 100 ta wannan fuska kaɗai yana cin kusan lita 0.1 a kilomita 100. A kan burji adadin yakan ninka, a cikin rairayi kuwa yana iya haura ninki goma, domin a nan ƙasar ma tana nutsewa ƙarƙashin taya. Shi ya sa lodin da mota ba za ta ji shi sosai a kan babbar hanya ba, takan ji shi ƙwarai a hanyar kasuwar ƙauye.

Ƙarancin iska a taya yana ƙara bajewar. Kamfanoni da yawa suna rubuta ma'aunin iska biyu, ɗaya na tafiya da mutum biyu ko uku, ɗaya mafi yawa na cikakken lodi, musamman ga tayoyin baya. Mota mai nauyi a kan taya mai ƙarancin iska ba mai kaɗai take ci ba, zafin da ke taruwa a robar yana daga cikin abubuwan da ke fasa taya a kan hanya.

*Hawa.* Ɗaga kilo 100 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin makamashi kusan megajul ɗaya, daidai da abin da gungura wannan kilo 100 ɗin zai ci a tafiyar kilomita 100 a shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Birnin Jos yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma motar da ta taso daga Akwanga ta bi ta Hawan Kibo dole ta ɗaga kanta da duk abin da ke cikinta zuwa can. A nan ne direba yake sauka zuwa ƙaramar giya, inji ya riƙa juyi da yawa a kan tafiya kaɗan. A ƙa'ida ana iya samun wani ɓangare na wannan makamashi a gangara, tunda nauyi ne ke tura motar. A aikace, gangara mai tsanani tana tilasta a taka burki ko a riƙe motar da giya, sai ribar ta tafi.

*Iska.* Turjiyar iska ta dogara ne ga faɗi da tsayin gaban mota, da siffarta, da gudunta. Motoci biyu masu siffa ɗaya, ɗaya wofi ɗaya cike da buhuna a ciki, iska ɗaya suke tsagawa. Ga yawancin ƙananan motoci, idan gudu ya kai wajen kilomita 80 a awa iska ta riga ta fi turjiyar taya ƙarfi, kuma tana ci gaba da hauhawa da sauri. Ban da haka, wani kaso babba na man yana tafiya ne wurin juya injin kansa, da na'urar sanyaya mota, da fitilu, da zaman jira inji na kunne. Injin fetur na mayar da abin da bai wuce kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na makamashin mai zuwa motsi ba, saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Waɗannan duka ba sa canzawa sosai don an ƙara kaya, kuma su ne dalilin da ya sa ƙarin nauyi na kashi 10 cikin 100 ba ya kawo ƙarin shan mai na kashi 10 cikin 100.

Alƙaluma

Wani nazari da Christoph Koffler da Klaus Rohde-Brandenburger suka wallafa a 2010, bisa tsarin gwajin motoci na Turai na lokacin, ya nuna cewa rage kilo 100 daga motar fetur yana rage shan mai da kimanin lita 0.15 a kilomita 100, ga motar dizal kuwa lita 0.12. Wannan ya yi kusa da ƙiyasin Amurka da aka ambata a sama idan aka ɗauki motar da ke shan lita 8. Nazarin ya kuma nuna cewa idan aka daidaita inji da giya da sabon nauyin, ragin yakan haura ninki biyu, ya kai wajen lita 0.35 ga motar fetur. Bambancin waɗannan lambobi biyu yana da muhimmanci, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Na farko shi ne abin da mai mota zai samu idan ya sauke kaya. Na biyu sai masu ƙera mota.

Da lambar farko ana iya yin lissafi mai sauƙi. Wanda ke yawo da kilo 50 na tarkacen da ba ya buƙata a but, kuma yana yin kilomita 20,000 a shekara, yana ƙona kimanin lita 15 a banza duk shekara. Asara ce, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Haka nan shawarar da ake yawan bayarwa ta a daina cika tanki don rage nauyi. Litar fetur ɗaya nauyinta kimanin kilo 0.75 ne, ta dizal kimanin 0.84. Tanki mai cin lita 50 idan ya cika fetur ɗin bai kai kilo 40 ba, rabinsa bai kai kilo 20 ba, abin da zai rage kuwa wajen lita 0.03 ne a kilomita 100. Zuwa gidan mai sau biyu maimakon sau ɗaya, balle a tarar da layi, zai cinye wannan ribar har da ƙari. Cire safaya taya da jak don tattalin mai kuwa ya fi haɗari a kan amfani.

Abin lura shi ne cewa gwargwado ake dubawa. Kilo 100 a kan motar kilo 1,000 kashi 10 cikin 100 ne, a kan jif mai kilo 2,500 kashi 4 ne kawai. A kan babur ko adaidaita sahu, inda fasinjoji kan kai ko su fi nauyin abin hawan kansa, tasirin ya fi na kowace mota.

Nauyin mutane ma ya shiga lissafi. A 2006 Sheldon Jacobson na Jami'ar Illinois da Laura McLay sun ƙiyasta cewa ƙaruwar ƙibar Amurkawa tun daga 1960 tana jawo ƙarin ƙona fetur kimanin galan miliyan 938 a kowace shekara. Adadin yana da girma a ido, amma bai kai kashi 1 cikin 100 na man da motocin ƙasar ke sha ba.

Kaya a kan rufi

Inda aka ajiye kaya yakan fi nauyinsu tasiri. Kayan da aka ɗora a kariya suna ƙara tsayin gaban mota su kuma ɓata yadda iska ke bin jikinta. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna cewa babban akwatin kaya na kan rufi yana rage tattalin mai da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a cikin gari, kashi 6 zuwa 17 a babbar hanya, har kashi 10 zuwa 25 idan gudu ya kai kilomita 105 zuwa 120 a awa. Akwatin da aka maƙala a bayan mota kuwa bai wuce kashi 1 zuwa 5 ba. Katifa, wadda ba ta da wani nauyi, idan aka ɗaure ta a rufi za ta iya cin mai a doguwar tafiya fiye da buhun masara a cikin but. Haka but da aka bari a buɗe aka ɗaure da igiya saboda kaya sun yi yawa. Kariya ko babu komai a kanta tana cin nata kason.

Tarihi

Amurka ce ke da mafi tsawon bayanai a kan wannan batu, domin Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar tana tattara nauyi da shan man sababbin motoci tun 1975. A wannan shekara matsakaicin nauyin sabuwar mota ya kai kimanin kilo 1,840, tana kuma yin mil 13 da galan ɗaya, wato kilomita 5.6 a lita. Takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya sa farashi ya tashi, majalisar ƙasar kuma ta yi doka a 1975 da ta tilasta wa kamfanoni cim ma wani matsakaicin tattalin mai. Hanya mafi sauri da kamfanonin suka samu ita ce rage girma da nauyi. Zuwa 1981 matsakaicin nauyi ya sauka zuwa kimanin kilo 1,450, tattalin mai kuma ya haura mil 20 a galan, kilomita 8.7 a lita.

Da mai ya yi araha, sai abin ya juya. Daga ƙarshen shekarun 1980 motoci suka riƙa ƙara nauyi da ƙarfi, mutane suka koma sayen jif da a-kori-kura, har zuwa 2004 nauyi ya koma inda yake a 1975. Injina sun inganta matuƙa a tsawon wannan lokaci, amma tattalin mai ya ɗan ja baya daga mil 22 a 1987 zuwa kusan 19 a 2004. Masanin tattalin arziki Christopher Knittel ya lissafa a 2011 cewa da an bar nauyi da ƙarfin motoci yadda suke a 1980, da tattalin mai ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100 zuwa 2006, alhali abin da aka samu bai wuce kashi 15 da ɗoriya ba. Sauran ci gaban an kashe shi ne wurin ɗaukar nauyi da ƙarin gudu.

Turai ma haka. Volkswagen Golf ta farko da ta fito a 1974 nauyinta wajen kilo 800 ne, ta yanzu ta haura kilo 1,200. Ba duka ƙarin ne na ado ba. Jakunkunan iska na kariya, ƙarafan da ke cikin ƙofofi, na'urorin tace hayaƙi da na sanyaya mota duk nauyi ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya nau'in jif ne, kuma sukan fi matsakaiciyar mota nauyi da kilo 200 zuwa 300.

Ƙera mota marar nauyi

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce rage nauyin mota da kashi 10 cikin 100 tun wurin ƙira yana iya inganta tattalin mai da kashi 6 zuwa 8. Dalilin da ya sa wannan ya fi abin da ake samu ta sauke kaya shi ne ragi na jawo ragi. Jiki marar nauyi ba ya buƙatar babban inji, ƙaramin inji ba ya buƙatar babban lagireto da babban tanki, burki da sifirin ma sai su ƙanƙance.

Alminiyom na da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe, ko da yake ragin da ake samu a aikace bai kai haka ba, tunda sai an ƙara masa kauri. Audi A8 ta 1994 na daga cikin motocin farko da aka ƙera da yawa da jikin alminiyom. A 2015 kamfanin Ford ya mayar da jikin F-150, motar da ta fi kowace kasuwa a Amurka a lokacin, zuwa alminiyom, ya rage mata har kimanin kilo 320. BMW i3 ta 2013 ta yi amfani da zaren kabon. Waɗannan kayan suna da tsada, gyaransu bayan haɗari sai da kayan aiki na musamman, narka alminiyom daga ma'adini kuma na cin wutar lantarki mai yawa, don haka sai mota ta yi tafiya mai nisa kafin man da ta tanada ya biya makamashin da aka kashe wurin ƙera ta. Yawancin kamfanoni sun fi karkata ga ƙarfe mai ƙarfi na musamman wanda ake iya sirantawa.

Motocin lantarki

Motocin lantarki da masu haɗa inji da batir, irin su Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, suna da burkin da ke mayar da wani ɓangare na makamashin tafiya cikin batir maimakon ya zama zafi. Wannan ya toshe babbar ƙofar da nauyi ke cin mai ta cikinta, shi ya sa ƙarin kaya bai cika shafarsu a cikin gari kamar sauran motoci ba. Turjiyar taya kuwa tana nan, kuma batir nauyi ne da shi. Batirin GMC Hummer mai lantarki kaɗai ya kai wajen kilo 1,300, ya fi ƙaramar mota sukutum, motar kuma ta haura tan huɗu.

Motocin haya da lodi

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, ta kuma ci gaba da hawa daga baya. Wannan ya sa lissafin mai ya zama babban abu ga masu motocin haya.

Lissafin nasu ya bambanta da na mai motar gida, domin abin da ya dame su shi ne man da kowane fasinja ya ci. A ɗauki misalin motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 da direba shi kaɗai. Idan aka ƙara mutum huɗu masu kilo 70 kowanne, kilo 280 ke nan, shan man zai tashi zuwa wajen lita 8.5. Kason mutum ɗaya ya faɗo daga lita 8 zuwa 1.7. Ta fuskar mai zalla, cika mota ya fi tafiya da ita wofi nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ke sa a tashoshi ake zaunar da mutum biyu a kujerar gaba da huɗu a baya a ƙananan motoci irin Golf, a kuma danna kaya a but. Man da fasinja na shida zai ci bai kai kuɗin motarsa ba ko kusa.

Kuɗin obalodi a wani wurin yake fita. Mota mai nauyi fiye da ƙima tana buƙatar ƙarin nisa kafin ta tsaya, burkinta na saurin yin zafi a gangara, kuloci da shokozoba da taya suna saurin mutuwa. Idan lodin ya taru a baya sai gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilu su haska sama. Kaya a rufi na ƙara haɗarin kifewa a kwana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sanya obalodi cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu.

Sauya motoci zuwa iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin Najeriya ta fara ƙarfafawa bayan cire tallafin, shi ma yana da nasa nauyin. Tukunyar ƙarfe da ake sakawa a but takan kai kilo 50 ko fiye, kuma ana cire wannan ne daga abin da aka halatta wa motar ta ɗauka.

Manyan motoci

A tirela, kaya kan fi motar kanta nauyi, don haka tasirin lodi a bayyane yake. A titunan Turai tirela mai tan 40 da cikakken lodi takan sha lita 30 zuwa 35 na dizal a kilomita 100, idan wofi take kuma ba ta sauka ƙasa da rabin haka. Ana auna aikinta da man da aka ƙona a kan kowane tan ɗaya a kilomita ɗaya, kuma ta wannan ma'auni babbar asara ita ce komawa gida babu kaya. Shi ya sa direban da ya kai shanu ko albasa kudu yakan jira ya samu lodin dawowa.

Hanya ce ke biyan kuɗin lodin da ya wuce ƙima. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da gatarin mota ke yi wa kwalta tana ƙaruwa kusan da nauyinsa sau kansa har sau huɗu, wato ninka nauyin gatari sau biyu na ninka ɓarnar kusan sau 16. Hanyar da ta lalace kuma tana ƙara wa kowace mota shan mai, saboda rage gudu da sake tashi a kowane rami. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta fitar da ƙa'idar taƙaita nauyin gatari a 2005, ECOWAS kuma ta amince da tata a 2012.

Gwaji, dokoki da haraji

Lambobin shan mai da kamfanoni ke tallatawa ana samunsu ne a ɗakin gwaji, inda ake ɗora mota a kan wasu naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa da aka saita su yi turjiya daidai da nauyinta. A Amurka ana ƙara laba 300, kimanin kilo 136, a kan nauyin motar a madadin mutane. Tsarin gwaji na WLTP da Tarayyar Turai ta fara aiki da shi a Satumba 2017 yana lissafa nauyin ƙarin kayan da mai saye ya zaɓa, abin da tsohon tsarin bai yi ba. Ko a wanne tsari, ba a gwada mota da cikakken lodi, don haka motar da ke aiki cike kullum za ta sha fiye da abin da aka rubuta.

Dokar Tarayyar Turai ta 2009 a kan hayaƙin motoci ta ɗaura iyakar kowane kamfani da matsakaicin nauyin motocinsa, ta yadda mai ƙera manya ya samu sassauci, kuma an soki wannan da cewa yana rage wa kamfanoni ƙwarin gwiwar rage nauyi. Amurka ta zaɓi ta yi amfani da faɗin filin da ke tsakanin tayoyi huɗu. Wasu ƙasashe sun ɗora haraji a kan nauyin kai tsaye. Faransa ta fara karɓar yuro 10 a kan kowane kilo da ya haura 1,800 a sababbin motoci daga 2022, ta sauke iyakar zuwa kilo 1,600 a 2024. Norway ta ƙara harajin nauyi da ya shafi har motocin lantarki a 2023. A watan Fabrairu 2024 mazauna birnin Paris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye mota sau uku ga baƙin motocin da suka haura tan 1.6, ko tan 2 idan na lantarki ne.